Saƙon da Ya Ƙi Ƙetare Maraɗi

Ƙawayena da muka yi aikin koyarwa tare sun dame ni. Duk ranar da muka haɗu wurin biki ko suna, wata ta ɗaga wayarta sama tana neman rezo tana tsaki, sai in ce da zamanin su Ada direba ne da tuni saƙon ya isa. Su kuma su ce, ke Rakiya, kullum Ada, kullum tafiyarki ta Gidan Sori, zauna ki ba mu labarin daga farko mu huta. To ga shi na zauna. Wadda ta gaji a hanya ta sauka, ba zan riƙe mata zane ba.

Lokacin an gama babban taron ƙasa a Yamai, jam'iyyu sun fito ko'ina, kowa ya zama masanin siyasa har da mai sayar da goro. Ina koyarwa a wata lakol a Agye, amma muna yajin aiki, shi ya sa ina gida Gazawa sa'ad da ciwon mahaifina, Baba Lawali, ya yi tsanani. Kaka ce, ana ta roron wake da haƙar aya.

A wancan zamani waya sai a buro, wato ofishin gwamnati, wasiƙa kuwa kafin ta isa an yi sunan jaririn da take ba da labarin haihuwarsa. Direbobi ne wayarmu. Kuma suna da tsarinsu. Direba ba ya karɓar saƙo sai ka ce daga wane zuwa wane. Ka faɗa, ya maimaita maka, in ya kauce ka gyara. Idan hanyarsa ba ta kai can ba, ya miƙa wa wani direban, shi ma ya maimaita, ya ƙara da cewa ta bakin wane. In motoci biyu suka haɗu a kan kwalta, mai ɗauke da saƙo ya kyafta fitila sau biyu, ɗayan ya tsaya. Sannan akwai abu ɗaya da ko yaron goye a gidan direba ya sani: idan saƙon rasuwa ne, direba yakan kashe mota kafin ya buɗe baki. In ya bar ta tana ruri, komai munin labarin, mai shi yana da rai.

Baba direba ne, ƙanensa Baba Sani ma direba ne. Ina ƙarama Baba Sani ya koma layin yamma, yana jan kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Maraɗi da Gidan Rumji, ya daɗe bai leƙo gida ba. Wata damina sai saƙo ya same shi, daga Lawali ta bakin wani direba Bagobiri mai suna Bawa, cewa Inna, mahaifiyarsu, tana kwance rai a hannun Allah. Ya taso cikin ruwa da gudu, motar ta kife a wani kwari, ƙafarsa ta dama ta karye karayar da bai sake taka birki da ita ba. Da aka kawo shi gida a kwance, kakarmu ce ta tarye shi a ƙofa da taɓarya a hannu, lafiyarta ƙalau. Baba ya rantse cewa shi ciwon kai kawai ya ambata, Bawa ne ya ƙara gishiri. Bawa ya rantse cewa abin da aka ba shi ya kai. Baba Sani yana fara dogara sanda ya koma yamma, ya bar wa direbobi magana cewa duk saƙon da sunan Lawali yake a kansa kada a kawo ƙofarsa. Shekara goma sha bakwai ke nan a lokacin da nake ba ku labari.

Sau uku a wannan ciwo muka aika ta bakin Ada, abokin Baba mai yin layin Gazawa zuwa Maraɗi. Sau uku yana dawowa yana cewa saƙon ya tsaya a tasha, direbobin yamma sun ƙi taɓa shi. Ran na huɗu Baba ya sa aka fitar da kowa daga ɗaki, ya ce in matso.

"Ke za ki tafi," in ji shi. "Kada ki ce mashi ina mutuwa. Wannan magana na riga na kashe ta da bakina, ba ta sake tashi. Ki ce mashi, ran nan na san Inna lafiya take. Abin da Bawa ya kai, shi na ba shi. Kewarshi nike, girman kai ya hana ni faɗi. Amma kafin ki kai ma Sani, ki tsaya tashar Maraɗi ki faɗe shi gaban direbobi, Bawa na ji."

Na ce, "Baba, gaban mutane?"

Ya ce, "Gaban mutane na ɓata shi. Maimaita mani."

Na maimaita. Ba zan ɓoye muku ba, haushinsa na ji a ranar, haushi mai tsanani, don ni ma shekara da shekaru ina tsine wa Bawa a zuciyata ban taɓa ganinsa ba.

Da safe na ɗaura kallabi, na sa takalmina mai tsini na zuwa lakol don kada a raina ni a birni, na ɗauki ƙullin aya na tsaraba, na shiga motar Ada. Bashe ce, irin ƙaramar a-kori-kura mai rumfa a baya, an rubuta mata Sai Haƙuri a goshi, kuma wanda ya raɗa mata sunan bai zalunce ta ba. Tana tafiya lafiya lau muddin ana ba ta wuta, amma Ada na ɗaga ƙafa sai ta yi tari biyu ta mutu, sai fasinja sun sauka sun tura. Ya sa ni a gaba saboda darajar Baba, yana ce mini Madam da zolaya. Darajar ba ta hana ni turi ba. A shingen jandarma na Agye ta mutu, muka sauka, na tura da iya ƙarfina, dunduniyar takalmin nan ta nutse cikin rairayi ta tsaya can. Na isa Maraɗi da silifas ɗin wata tsohuwa mai kai kaji kasuwa, ɗaya shuɗi ɗaya kore.

A shingen nan na ga abin da ya ba ni dariya. Jandarman ya gama duba takardun kowa fuska a murtuke, sannan ya zagayo wajen Ada, ya rage murya, ya ba shi saƙo zuwa ga matarsa a Maraɗi cewa a aiko masa da bargo da yaji. Ada ya maimaita masa kamar yadda zai yi wa kowa, jandarma ya gyaɗa kai kamar ɗan aji.

Hirar mota duk ta siyasa ce. Wani ya ce an ce sojoji za su dawo, wani ya ce an ce za a raba wa kowa taki kyauta bayan zaɓe. Motocin jam'iyyu suna wuce mu da tutoci da lasifika. Wani mai babbar riga ya roƙi Ada ya riƙa faɗa wa ƙauyukan hanya cewa an ce ɗan takararsu ne zai ci. Ada ya tambaye shi wa ya ce. Mutumin ya ce kowa ma ya ce. Ada ya ce shi bai san gidan kowa ba, in mutane suka tambaye shi ta bakin wa, wa zai nuna? A tsakanin Agye da Maraɗi sau biyu aka kyafta mana fitila. Na farko cewa aka yi a sassauta, shanu sun hau kwalta a gaba. Na biyu saƙon haihuwa ne zuwa ga wani fasinja a bayanmu, aka yi ta yi masa barka ta cikin rumfa, Ada kuma yana ta ba Sai Haƙuri wuta don kada mu sake turi.

Tashar Maraɗi ita ce iyaka. Ba iyakar ƙasa ba, wannan tana kudu, amma a wurin direbobi ba ta fi wannan ƙarfi ba. Motocin gabas ba sa lodin yamma, na yamma ba sa lodin gabas. Tsakaninsu akwai rumfar Inna Kulu mai tuwo, kuma a nan saƙonni suke sauya mota. Matar nan ba ta san ko bihim a takarda ba, amma tana kwasar tuwo tana riƙe da saƙon mutum ashirin a kanta, kowanne da sunan mai shi da bakin da ya kawo shi. Ni da nake fama da yara su riƙe layi biyu na karatu, kunya ta kama ni.

Ada ya gabatar da ni. Da ta ji ɗiyar Lawali ce, ta dube ni, ta dubi silifas ɗina, ta ce in fara cin abinci. Tuwon gero ne da miyar kuka mai daddawa, amma ban ji ɗanɗanonsa ba. Da azahar ta wuce direbobi suka cika bencina, ta nuna mini wani dogon dattijo mai zanen Gobirawa a fuska, yana cin tuwonsa shi kaɗai a gefe. Ashe tun wancan lokaci mutane da yawa sun daina ba shi saƙo mai nauyi. A ba shi na buhu da na akuya, na ciwo da na aure a jira wata mota.

Na tashi tsaye kamar zan fara darasi. Na ce daga Lawali na Gazawa zuwa Sani, ta bakin ɗiyarsa Rakiya, kuma ya ce Bawa ya ji. Na faɗi saƙon duka ban rage ko kalma ba. Ludayin Inna Kulu ya tsaya a cikin tukunya. Bawa ya ajiye lomar da ke hannunsa.

"Sake hwaɗi, ɗiyata," ya ce.

Na sake.

Ya wanke hannu a hankali, ya maimaita saƙon daga farko har ƙarshe da bakinsa na Gobir, ya dube ni ko akwai gyara. Na ce babu. Sai ya ce, "Shekara sha bakwai nike jiran wagga magana. Na ɗauka sai lahira za ni jin ta." Wani direba ya tashi ya je ya ba shi hannu, wani ya bi, har aka yi layi. Ni kuwa na zauna na rufe fuska da gyale, don uban da ake wanke wani daga ƙaryarsa nawa ne.

A gidan Inna Kulu na kwana, ɗaki ɗaya da buhunan gero da wata kaza mai kwanci da ba ta yi murna da zuwana ba. Da safe ta ba ni kunu da ƙosai, ta ce ta riga ta ba motar farko ta gabas saƙo a gaya wa Baba na sauke rabin kayana.

Bawa da kansa ya ɗauke ni. Daga Tibiri zuwa gaba sai na ji kamar an sauya mini kunne. Hausa ce, amma kowa na cewa munka da sunka, mi da shina. Gaisuwarsu kuma ba ta ƙarewa. Mu a Gazawa mukan tambayi gida da gajiya mu wuce, su kuwa sai sun bi gona da bisashe, wato dabbobi, da baƙin da suka zo bara. Wata mata a motar ta tambaye ni ko ni ce ɗiyar Lawalin da ya wanke Bawa jiya. Labarin ya riga ni hawa hanya. Na tambayi Bawa ko ya isa kunnen Baba Sani ke nan, ya ce a'a, labari daban, saƙo daban. Ba direban da zai kai masa, tunda ba shi aka ba.

Mun yi zaton samunsa a kasuwar Gidan Rumji, inda yake da rumfar gyaran tayar amalanke. Muka tarar da rumfar a rufe. Maƙwabcinsa mai sayar da igiya ya ce yana gona a ƙauyensu kusa da Gidan Sori, wake ya nuna. Bawa ya ajiye motarsa, abin da direba ba ya yi ranar kasuwa, muka hau amalanken shanu tare da mata masu komawa gida. Ban taɓa sanin ina da ƙasusuwa da yawa haka a baya ba. Ƙullin ayata ya kwance a hanya, matan suka taya ni tsincewa, rabi a ƙulli rabi a baki, suna yaba ayar gabas. Da muka sauka wata ta jawo ni gidanta ta dama mini fura. Tasu mai kauri ce da yaji, kuma ba a miƙa wa baƙo ludayi ɗaya a janye, sai ka ga gindin ƙwarya ake yarda ka sha.

A bakin gona muka same shi, zaune a kan tabarma yana sussukar wake da sanda, ƙafar nan a miƙe. Ban gane shi da fuska ba sai da ya ɗago, na ga idanun Baba. Ya dubi Bawa, ya dube ni.

"Wa ke nan, Bawa?"

"Rakiya ta. Ɗiyar Lawali."

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da kyau, ya tambayi mahaifiyata da ƙannena ɗaya bayan ɗaya, ya tsallake Baba. Bakinsa ya zama na Gobirawa sarai, abin ya sosa mini rai. Sannan ya ce in don ziyara na zo, gida nawa ne, in kuwa saƙo na kawo, na san abin da ya ce.

Na ce, "Baba Sani, direbobi ka hana. Ni ba direba ba ce."

Bai yi dariya ba, amma bai kore ni ba. Na faɗi saƙon. Ya ci gaba da bugun wake kamar bai ji ba, har na fara tunanin na yi tafiyar banza. Can ya ajiye sandar.

"Shina mutuwa?"

"Ya ce kada in ce maka haka."

"Ba shi nike tambaya ba. Ke da kinka gan shi da idonki."

Na ce kwana shida ke nan ba ya tashi sai an ɗaga shi, kuma zoben azurfarsa ya daina zama a yatsa. Ya daɗe yana kallon ƙafarsa. Sai ya ce tun ranar da aka sauke shi a ƙofar gida ya san Bawa bai ƙara komai ba, don ya ga fuskar yayansa. Ba ƙafar ce ta hana shi komawa ba, jira yake a faɗa. Ya juya ya roƙi Bawa gafara da bai taɓa fitowa ya wanke shi ba. Daga nan ya maimaita mini saƙon, kalma bayan kalma, ya ce a kira masa matarsa ta haɗa kaya.

Washegari muka kamo hanya. A Maraɗi Bawa ya sauke fasinjansa, ya je ya yi magana da manyan layin gabas, suka buɗe masa hanya ba gardama. Inna Kulu ta ce tun jiya da yamma ba wani saƙo daga Gazawa. Wannan shirun ya fi komai tayar mini da hankali. Muka tafi mu uku a gaba. Duk motar da ta ɓullo daga gabas, sai in ga Baba Sani ya kafe fitilunta da ido har ta wuce.

Saura kaɗan mu shiga Agye muka hango Sai Haƙuri. Ta kyafta sau biyu.

Bawa ya gangara gefe. Baba Sani ya kama hannuna ya matse har na ji zafi. Na san halin motar nan, na san Ada na ɗaga ƙafa za ta mutu, kuma na san abin da tsohon nan zai ji idan ta yi shiru. Ashe Ada ma ya sani. Ya tsaya daura da mu yana ba ta wuta kamar zai fasa injin, hayaƙi ya turnuƙe, kajin da ke kan rumfa suna ta kuka, fasinja suna toshe kunne. Ya leƙo da kai ta taga, gumi na zuba, yana ihu.

"Ba ni iya sauka! In na ɗaga ƙafa ta mutu! Sani, matso!"

Baba Sani ya sauka, ya ƙetare kwalta da sandarsa, ya kai kunne bakin taga. Mu ma muna ji, don duk ƙauyen da ke kusa ya ji.

"Daga Lawali zuwa Sani, ta bakin Ada! Ya sha kunu da safe! Ya sa an kira wanzami an yi mashi aski! Ya ce ku bi a hankali, kada ku yi gudu!"

Baba Sani ya maimaita, shi ma da ihu, hawaye na bin gemunsa. Da ya zo kan kada ku yi gudu sai muryarsa ta ƙi fita. Bawa ya kifa kai a kan sitiyari yana dariya yana share ido. Ni duk biyun na yi.

Da la'asar muka shiga Gazawa. An jingina Baba da bango, kai fes, an sa masa farar riga. Na yi zaton za a yi dogon jawabi na neman gafara, ban ji ko ɗaya ba. Baba Sani ya zauna a bakin tabarma ya miƙe ƙafa. Baba ya kai hannu ya dafa ta.

"Wannan ce?"

"Ita ce, Yaya."

"Tana ciwo?"

"In damina ta kama."

Baba bai ɗauke hannun ba. Aka shigo da Bawa, su uku suka shiga hirar tsohuwar hanya tun ba a zuba kwalta ba, wane kwari ne ke cin mota, wace mai abinci ce ta fi iya miya. Na fito na bar su. Ban taɓa jin sanyi a zuciya irin na wannan yammaci ba, kuma har yau in na tuna sai in ji kewar mutanen nan duka, har da motar.

Bayan kwana biyar aka janye yajin aiki, na koma Agye. Baba Sani ya zauna, shi ke ba Baba kunu, shi ke juya shi. Kullum Ada in zai wuce sai ya tsaya ƙofar lakol yana ba Sai Haƙuri wuta, ya yi mini ihun yadda Baba ya kwana, yara suna dariya ta taga.

Ran wata Talata da hantsi ina rubutu a allo na jiyo ta daga nesa. Ta zo ta tsaya a ƙofa. Na dakata da alli a hannu ina jiran rurin nan, sai na ji shiru. Na ce a raina, ai Sai Haƙuri ce, kullum mutuwa take. Na leƙa. Ada yana tsaye a gefenta, makulli a hannunsa. Baba Sani ya sauko daga gaba, ya tako tsakar lakol da sandarsa har bakin aji, ya cire hula.

"Daga gida zuwa Rakiya," ya ce, "ta bakin Sani."

Ya faɗa. Na ajiye alli, na maimaita masa.